Ba Gara Ba Ce

Bana ruwa ya nuna mana halinsa. Ya sauko da wuri, sau biyu a mako guda, ƙasa ta yi laushi, manoman Haɗeja suka zuba iri da murna. Daga nan sai ya ɗauke ƙafa. Aka yi mako uku sama fes, zafi kuwa har cikin ƙashi. Ni sana'ata turara shinkafa, don haka duk wanda ya shigo gidanmu zancen ke nan, tsiro ya ƙone, sai an sake shuka. Amma kukan na yanzu da sauƙi. Mai hali ya ja injin ban-ruwa bakin kogi, marar hali ya shiga kasuwa ya auno wani irin.

Mahaifina, Malam Bukar, ya haura tamanin, ido ya yi rauni, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu a wajena yake zaune. Sunan uwarsa na ci, Falmata, shi ya sa tun da aka haife ni bakinsa bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini. Har na yi jikoki ban daina jin daɗin kiran nan ba.

Ran nan yana zaune a zaure yana fifita, ya ɗaga kai ya saurari sama, ya ce abin da na saba ji duk shekarar da ruwa ya yanke.

“Irin wannan ɗaukewar ce ta fitar da mu daga Giginya Uku. Da Inna ta kula da tulun nan, da yanzu a gida nake zaune.”

Jikata Zainabu, 'yar shekara bakwai mai baki kamar reza, ta ce, “Baba Tsoho, wace ce Inna?”

“Kakar kakarki. Allah ya jiƙanta, tsufa ne ya sa ta yi sakaci, gara ta cinye mana iri.”

Da yamma ina juya shinkafa a kan wuta sai na jiyo Zainabu a bakin ƙofa tana ba ƙawayenta labari, wai su ma da suna da gari, kakar kakarta ce ta bari gara ta cinye shi. Yaran suka kwashe da dariya. Ni kuwa hannuna ya tsaya cak a kan muciya. Shekara arba'in da 'yan kai ina jin maganar nan ina haɗiyewa, amma ban taɓa zaton za ta gangaro har bakin jikata ba.

Giginya Uku ƙauye ne ɗan ƙarami can wajen Kirikasamma, gida bai kai talatin ba, a kan wani tudu da fadama ta kewaye. Da damina in kogi ya cika sai mu zama tsibiri, ko gidan suna za a je sai a kwale-kwale. Mun iya iyo kafin mu iya ɗaura zane. Mun san lokacin da tarwaɗa ke shigowa cikin ciyawa, mun san giginyar da 'ya'yanta suka fi zaƙi, mun san kukan kowane tsuntsu. Ban san talauci muke yi ba sai da muka shigo birni aka gaya mana.

Kakata Falmata daga bakin tafkin Cadi aka auro ta, kuma ta zo da irin shinkafarta ƙulle a gefen zane. Bi-ruwa muke ce mata, don in dai ta riga ta tsaya da ƙafarta kafin ambaliya ta shigo, to duk yadda ruwa ya hau ita ma hawa take yi. Kaka doguwa ce, baƙa, marar yawan magana, amma ni da ita ba ma rabuwa da tsiya. A ɗakinta nake kwana. Takwara take kirana, ta ce na ci sunanta na kuma zo ina cinye mata tuwo. Ni kuma in ce ai ta tsufa, ta ba ni sunan gaba ɗaya ta huta.

Iri a hannunta yake, wannan ba a gardama. Duk shekara bayan an yanke shinkafa, kafin kowa ya ɗanɗana sabuwa, sai ta shimfiɗa tabarma ta zaɓi zangarniyar da ta fi nauyi. Ta shanya, ta raba biyu. Kashi ɗaya irin fari ne, Baba ya kai rumbu. Ɗayan irin baya ne, ta cakuɗa shi da toka, ta ɗura a wani babban tulu, ta liƙe bakin da yumɓu, sannan ta danna tafin hannunta a kai tun yana ɗanye.

“Hannuna ne a kai,” in ji ta. “Ba mai fasawa sai ruwa ya yaudare mu.”

In shekara ta yi kyau, shukar fari ta kama, to bayan damina ta yi nisa sai ta fasa tulun, a cashe, a dafa wa yaran gari sadaka da man shanu. Tun da na yi wayo haka ake yi. Saboda haka a kaina na ɗauka tulun nan namu ne, mu yara, jinkiri kawai ake yi mana.

Lokacin da nake 'yar shekara sha ɗaya, ambaliya ba ta iso fadama da kyau ba, abin da aka girbe kaɗan ne. Duk da haka Kaka ta cire irinta, ta liƙe tulu, ta tura shi bayan gadonta. Kafin bazara ta tsaya, rumbun gero ya koma sai ƙura da kashin ɓera. Aka koma ci sau ɗaya a rana.

Har yau ina iya jera yadda ranakun nan suke tafiya. Da an idar da sallar asuba mahaifiyata, da muke kira Iya, ta bi mata zuwa busasshen tafki haƙar bado. Kaka ma ta ɗauki ƙwarya ta tafi neman ganye. Baba ya saɓa komarsa ta kamun kifi ya nufi 'yan kududdufan da suka rage, ya dawo da kifi bai fi cikin hannu ba, wani lokacin ma ba komai. Ni aikina shara da ɗebo ruwa da kula da ƙanina Modu. In rana ta take kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba mai magana, don maganar ma cin ƙarfi take. Ƙasa ta tsattsage, iska in ta kaɗo sai ka ji kamar daga bakin murhu. Da la'asar a ɗora tukunya, bado da ɗan dusa da ganyen da aka samu. Ka ci, ka sha ruwa da yawa, cikinka ya ɗauka an yi masa adalci, can kuma ya gane ƙarya ce.

Wata safiya ina shara a ɗakin Kaka na ga ƙwayar shinkafa uku a gindin tulun. Na duƙa na leƙa. Ashe akwai wata 'yar tsaga da ta taɓa toshewa da yumɓu, zafi ya sa ya ɓamɓare. Na tsince ƙwayoyin na jefa a baki da ɓawonsu da tokarsu. Sai na zari tsinken tsintsiya na ɗan zungura. Suka zubo mini a hannu, shar-shar.

Na ce yau kaɗai. Na samo tsingaro, na ɗora a kan garwashin da ya rage a murhu, na soya. Ƙamshin nan, wallahi har yanzu in ina turara shinkafa wani lokacin yakan dawo mini, sai in ji kunya ta rufe ni a gaban tukunyata. Na murje a tafin hannu, na hure, na tauna a hankali. Sannan na yagi gefen wani tsohon zanena mai ruwan bula na toshe ramin.

Washegari ma na ce yau kaɗai. Daga cikin hannu aka koma ɗan ƙoƙo. Ina gaya wa kaina ai dama mu za a dafa wa, nawa rabon nake ci da wuri. Zan so in ce da Modu nake ci, shi da cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka zama kamar kara. Sau biyu na ba shi. Daga nan na daina, don yana da shekara huɗu kuma ba ya riƙe magana. Nakan ba shi wasa a ƙofar gida in koma ciki in ci ni kaɗai. Wannan laifin ma nawa ne, ba zan rage shi ba.

Na fi wata biyu a haka. Wani lokacin nakan ƙwanƙwasa cikin tulun da ɗan yatsa. Da fari shiru yake yi, daga baya ya fara amsawa. Na ji amsar da kunnena, ban daina ba.

Sai ruwan fari ya sauka. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe jinkar ɗakin awaki, muka fito tsakar gida muna tsalle, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Bayan ruwa na biyu aka kira gayya. Maza suka jeru a fadama da garma, yau gonar wannan gobe ta wancan, ba tuwo ba nama, sai kunun tsamiya tsararo da mata suka haɗa hannu suka dama. Duk da haka har waƙa aka yi. Baba ya watsa irin fari, cikin kwana kaɗan fadama ta yi kore shar. Ni na fi kowa murna, kuma ni kaɗai na san dalili. In shukar nan ta kama, ba mai neman tulu sai lokacin sadaka, kuma kafin nan wa ya sani.

Ruwa ya ɗauke. Kwana biyar aka ce hutawa yake. Kwana goma tsiron ya fara nannaɗewa da rana, ya ɗan buɗe da safe. Kwana goma sha biyar ya daina buɗewa. Maza suka fita bayan gari roƙon ruwa da riguna a juye, mu yara muka bi su muna amin. Ba wanda ya kai ni ƙarfin amin a ranar. Kafin mako na uku ya cika, in ka taka gona sai ka ji ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin ƙafa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ruwa ya dawo, mai ƙarfi, har gari ya waye ana yayyafi. Masunta da suka zo daga yamma suka ce kogi ya taso, bai fi mako biyu ba zai shigo fadama. Ke nan duk mai irin baya ya shuka yau ko gobe, in ba haka ba ruwa ya riga shi. Ba kowane gida ke da shi ba, da yawa yunwa ta sa sun dafa nasu tuntuni. Baba kuwa har ya yi wa maƙwabta biyu alkawarin zai ɗiba musu.

“Mu muna da tulun Inna,” in ji shi. “Hannunta ne a kai.”

Da hantsi maza kusan goma suka taru a ƙofar gidanmu da garemani. Baba ya shiga ɗakin Kaka. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga ya tattare riga, ya ware ƙafa, ya yi bisimilla, ya ɗaga tulun da dukan ƙarfinsa. Saura kaɗan ya faɗi da baya. Ya tsaya riƙe da shi, sannan ya fito da shi tsakar gida. Tafin hannun Kaka yana nan a baki, yatsu biyar, ba abin da ya taɓa shi. Ya fasa, ya tuntsurar a kan tabarma. Toka ta tashi. Abin da ya biyo bayanta bai cika kwano biyu ba.

Kaka ta taho a hankali, ta durƙusa, ta juya tulun. Na ga lokacin da yatsanta ya sami tsumman. Ta zaro shi, ta dunƙule a hannu kafin kowa ya lura. Zanen nan ita ta saya mini shi. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ba harara, ba komai, sannan ta mai da kanta ƙasa.

“Gara ce,” ta ce. “Gindin ya tsage ban duba ba, tokar kuma ta yi kaɗan. Laifina ne.”

Baba mutum ne mai haƙuri, har ana yi masa tsiya da shi. Amma ranar ya yi wata uku yana kallon 'ya'yansa suna ramewa, ga mutanen da ya yi wa alkawari tsaye a kansa.

“Inna,” ya ce, “abu ɗaya aka bar miki a gidan nan. Ɗaya tak. Kin kashe mu.”

Wani dattijo a cikin mazan ya ce, “Subhanallahi, Bukar, uwarka ce fa.”

Kaka ta ce, “Ku ƙyale shi. Na ji.”

Ina nan tsaye, taku biyar tsakanina da su. Bakina a buɗe yake ma, na tuna, don toka ta shiga har na yi tari. Kalma biyu ce, ni ce. Ban faɗa ba. Mazan suka ɗauki garemaninsu suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan abin da ya rage aka watsa a wuri bai fi faɗin zaure ba. Sauran gonar Baba ya roƙo wani iri gajere aka zuba. Da ambaliya ta shigo ta shanye gajeren cikin kwana uku. Bi-ruwa ta hau abinta, tana kaɗa kai a saman ruwa, 'yar mitsitsiya a tsakiyar fadama, Baba ya riƙa wucewa a kwale-kwale ba ya kallon wajen. Gidajen da suka sake shuka sun sami abin da ya kai su baɗi. Mu ba mu samu ba. Da ruwa ya janye Baba ya sayar da kwale-kwalen, muka ɗora kaya a jakuna biyu na aro muka nufo Haɗeja. Ya ce wa kowa rani kawai za mu ci mu dawo.

Ya kama dako a kasuwar kifi. Muka sami ɗaki biyu a wani lungu da ba a ganin komai sai katanga. Kaka, wadda a ƙauye ba a shuka sai an tambaye ta, ta koma zaman bakin ƙofa tana tsince tsakuwa a shinkafar wasu. Ita da Baba ba su yi gaba ba, yana gaishe ta safe da yamma, tana sa masa albarka, amma ba su sake haɗa ido sosai ba. Duk wanda ya zo daga Giginya Uku tambayarta ɗaya ce, “Ruwa ya shiga fadama?”

Sau ɗaya na gwada. Ina matsa mata ƙafa na ce, “Kaka, tulun nan…”

“Tulu ya fashe, an zubar da shi,” ta ce. “Miƙo mini goro, Takwara, kin cika surutu.”

Na miƙa mata, na ji sanyi a raina, na ɗauka an sallame ni ke nan. A damina ta biyu ta rasu, aka binne ta a nan birni, nesa da ruwan da ta sani. Komawa gidan da Baba ya ce za a yi ba ta yiwu ba. Modu ya girma ya zama direba, bai ma tuna ƙauyen ba. Ni na je sau ɗaya bayan na yi 'ya'ya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsayi, mutanen gari duk sun watse. Mai kwale-kwalen ya nuna mini giginya biyu daga nesa ya ce nan ne, ta ukun ta faɗi. Ban ce ya matsa kusa ba.

Kashegarin ranar da na ji Zainabu tana ba da labarin nan, na kai wa Baba kununsa da hantsi. Na jira ya shanye. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, abin da na daɗe ban yi ba.

“Uwata, lafiya?”

“Baba, tulun Kaka. Ba gara ba ce. Ni ce.”

Na faɗa masa duka, da tsinken, da tsingaron, da Modu da na hana, da tsumman da Kaka ta dunƙule. Ban yi kuka ba, don na ga ba ni da hurumin yi.

“Ta sani ke nan,” ya ce.

“Ta sani.”

“Na faɗa mata maganar nan a gaban mutane, tana sane.”

Na ce, “Baba, ka yafe mini. Yunwa ce.”

“Yunwa ba laifinki ba ce, shekararki sha ɗaya.” Ya shafa ƙoƙon kunun da babban yatsa. “Da kin buɗe baki a ranar, duka kawai za ki sha, ki yi kuka, ki yi barci. Ni kuma da ban gaya wa uwata ta kashe mu ba. Da kin faɗa bayan shekara ɗaya ma, tana da rai, da na durƙusa mata.”

Ya ce in kawo masa buta, na kawo.

Da la'asar na ji ya kira Zainabu. Na tsaya a bayan ƙyaure.

“Maganar da na gaya miki jiya, kuskure na yi. Kakar kakarki ba ta taɓa sakaci da iri ba. Ba gara ba ce. Ki je ki gaya wa ƙawayenki.”

“To wane ne, Baba Tsoho?”

“Je ki yi wasa.”

Ruwa ya dawo shekaranjiya, mutane sun sake shuka, kwaɗi sun cika lungu da kuka. Baba yana amsa gaisuwata, yana shan kunun da na dama, jiya ma har ya ce ya yi daɗi. In yana son buta ko mafici sai ya yi gyaran murya ya ce, “Wa ke nan?” Yau kwana tara ke nan bai ce mini Uwata ba.